Gawayin da Ke Ƙarƙashin Gamba

Tun da na fara rubuta muku wannan tarihi nake kewaye shekarar da 'yar'uwarku Rabi ta dawo gida da aikin makaranta a kan wani fim ɗin kaboyi. Na rubuta yarintata, na rubuta aikin koyarwa, har ciwon gwiwata na ba shi shafi biyu, duk don kada in iso nan. Mahaifiyarku ta lura. Jiya ta same ni ina safa da marwa tsakanin rumfa da bakin rijiya da biro a hannu, ta ce in dai ba zama zan yi ba, to in ɗauki guga in yi abin amfani. Shi ya sa na zauna. Abin da kuka sani game da ni da yayana, Baffanku Sale, shi ne ya ci iyakar gonar maƙwabci, ni kuma na miƙe a gaban jama'a na faɗi gaskiya duk da a kan ɗan'uwana take. Da wannan labari kuka girma, har na ji ɗayanku yana ba 'ya'yansa shi yana alfahari. To rabin labarin ke nan, kuma shi ne rabin da ya fi yi mini kyau.

A lokacin ban daɗe da yin ritaya ba, bayan shekarun da na kwashe ina koyar da adabin Hausa a nan Gaya. Zaman gida bai karɓe ni ba. Mutumin da ya saba yara arba'in su yi tsit idan ya buɗe baki, sai ga shi ba mai sauraronsa sai kaji. Na gyara ƙofar da ba ta lalace ba, na sa baki a girki har aka kore ni daga madafa. Ana cikin wannan hali, a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum, Rabi ta zo hutu daga jami'a. Ta aje kwamfutarta a kan tabarmata ta ce malaminsu ya ba su wani fim na Amurka su fitar da jigonsa da salonsa, kuma ta san duk garin nan ba wanda ya kai ni son waɗannan kalmomi biyu.

"Fim ai ba adabi ba ne," na ce mata. "Harbe-harbe ne da gudun dawaki."

"Wannan babu doki ko ɗaya, Baba. Motoci ne. Ka dai kalla, in bai yi maka ba sai ka koma gyaran ƙofa."

Na kalla. Sau uku muka kalle shi a rumfa bayan la'asar, tana fassara mini inda Turancinsu ya yi mini sauri. Labarin wani ƙaramin gari ne a bakin iyakar ƙasashe biyu, cikin daji mai faɗi da ba inuwa. Talakawa na tsallako iyakar a ƙafa don neman abinci, kuma a kan hanyarsu akwai wata rijiya a filin wasu 'yan'uwa biyu, wadda kowa ke sha tun zamanin mahaifinsu. Wata rana aka wayi gari an rufe ta da murfin ƙarfe da kwaɗo, mutane suka fara mutuwa da ƙishirwa a hanya. Ƙanin shi ne ɗan dokan garin, wan kuma shi ke zaune a filin yana kiwo. Ɗan dokan ya san wanda ya rufe rijiyar tun farkon fim, amma ya yi ta yawo da motarsa yana tambayar mutane kamar bai sani ba. Sai a ƙarshe, a taron mutanen gari, ya miƙe ya cire hularsa ya ambaci sunan wansa. Wan bai ce uffan ba, ya tashi ya fita.

Tun a kallo na biyu na ajiye raini. Na ga wanda ya tsara fim ɗin ya san abin da nake koya wa yara shekara da shekaru, sai dai shi da hoto yake rubutu. Ba a taɓa nuna mutum yana mutuwa ba, sai dai a nuna jarkar ruwa wayam a yashe a kan hanya, a bar mai kallo ya ƙarasa sauran a zuciyarsa. Duk sanda ɗan dokan zai yi ƙarya, sai a tsayar da shi a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ana yawan nuna shi ɗan mitsitsi a tsakiyar fili, don a gane doka ƙarama ce a wurin da ba mai gani. Maganarsu kaɗan ce, shirun da ke tsakanin magana da magana shi ke ɗauke da labarin. Na yi ta zuba bayani, Rabi na rubutawa. Na ce mata iyakar nan ta waya da ake ta nunawa ba ita ce ainihin iyakar ba, ta gaskiyar tana tsakanin jini da adalci, kuma jigon fim ɗin shi ne wanda ya san gaskiya ya yi shiru, da shi aka yi laifin. Na ji daɗin jimlar nan har na sa ta maimaita mini.

"Amma Baba," in ji ta, "me ya sa wan bai kare kansa ba? Ko kalma ɗaya."

"Mai laifi me zai ce?"

"Ni gani nake yana da abin faɗa, haɗiye shi ya yi. Dubi yadda aka daɗe ana nuna fuskarsa kafin ya tashi."

Na ce mata wannan kwalliya ce kawai, kada ta ɓata takarda a kanta. Haka nake da ɗalibai, idan suka ga abin da ban gani ba sai in ce kwalliya ce.

Ranar Litinin bayan mun gama kallon, sai ga Lawan, babban ɗan Yaya Sale, ya zo a kan babur daga ƙauyenmu Balan. Bayan mun gaisa ya ce babansa ya aiko a gaya mini Hamidu ya kai ƙara wajen dagaci. Hamidu ɗan Jauro Buba ne, Bafulatanin da gonarsa ke jikin tamu ta gabas, mutanen wajen Toranke. Ya daɗe a kudu da shanu, da suka ƙare ya dawo zai zauna ya yi noma, kuma ya ce gonar ubansa ta ragu da kunyoyi huɗu tun daga gindin aduwa har kwari. Dagaci ya sa ranar Asabar da safe dattawa su taka iyakar. Idan ba a sami shaida ba, Yaya zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani cewa iyakar tana inda ubanmu ya bar ta. Lawan yana faɗa yana dariya, ya ce gamba dai ga ta nan a jere tun kafin a haife shi, kowa na gani. Ni ban yi dariya ba.

Ku da kuka tashi a gari sai na yi muku bayani. A wajenmu gamba ake dasawa a kan iyakar gona, don tushenta ba ya mutuwa, ko an yanke ta a yi zana za ta sake tsirowa. Amma tsofaffi ba su yarda da gamba kaɗai ba, saboda abin da hannu ya dasa hannu na iya cirewa. Sai su haƙa rami mai zurfin kamu biyu a kan iyakar, su zuba gawayi da tsingaron fasasshiyar tukunya su rufe, don gawayi ba ya ruɓewa kuma gara ba ta cinsa. Mahaifinmu da Jauro Buba sun yi haka a wuri uku, kuma mahaifinmu ya nuna mana wuraren, ni da Yaya, ya sa muka auna da ƙafa daga gindin aduwa. Ba wanda ya sani sai mu huɗu. Biyu sun mutu.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu aka raba mana gonar, rabona ya faɗo ta gabas, jikin ta Jauro. Nawa ɓangaren jigawa ne, amma da ka tsallaka gamba ƙasar baƙa ce mai riƙe danshi, kuma tana nan saura ba mai noma ta, don Jauro ya tafi kudu da shanunsa, daga baya ma muka ji ya rasu a can. Ina da shekara ashirin da biyar, na fito daga kwalejin horon malamai ina ji da kaina, ina ganin duk ƙauyen ba mai kaina. Ni na ce wa Yaya ƙasa mai kyau tana kwance a banza, mu matsar da gambar kaɗan, ba wanda zai cutu. Ya ƙi. Na yi kwana uku ina kansa da hujjoji irin na ɗan boko har ya gaji. Wata safiya da ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi, muka tumɓuke ta gindi-gindi muka dasa a gaba. Yana cikin aikin ya tsaya ya dafa ƙotar fartanya.

"Idi, gawayin Baba fa?"

"Wa zai tona, Yaya?" na ce.

Kafin damina ta fita gambar ta kama kamar a nan aka halicce ta. Shekara biyu na noma wurin, sannan aiki ya kawo ni Gaya, na bar wa Yaya rabona ya haɗa da nasa. Shi ya ci gaba da nomawa, shi mutane suka sani da gonar, ni sai dai a aiko mini da buhun gero duk kaka. Na ci geron nan, ku ma kun ci.

Daga Litinin zuwa Asabar ban zauna wuri ɗaya ba. In fita bakin titi in dawo, in ɗauki littafi in ajiye, in shiga kasuwa ba abin da zan saya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannun Yaya a kan Alƙur'ani. Mutum ya haura saba'in, ga hawan jini, ga shi bai taɓa wasa da salla ba, a ce ya rantse a kan ƙarya saboda abin da ni na ƙulla. Ga kuma jimlar nan tawa da Rabi ta rubuta da babban baƙi, tana bi na duk inda na juya. Mahaifiyarku ta gaji da ganin ina zarya, ta tsare ni a tsakar gida, na gaya mata an taɓa matsar da gambar. Ku lura da yadda na faɗa. Na ce an matsar, ban ce wa ya matsar ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

"To Malam, ai abin ba wuya," ta ce. "Ka tafi ka same shi a zaure, daga kai sai shi. Yayanka ne. Ka durƙusa ka ce masa kada ya rantse. Sauran ya san yadda zai yi, ba yau ya fara zama da mutane ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma kowane ɗan ƙauye ya san haka ake yi. Ƙani ba ya gyara wa wansa zama a bainar jama'a. A keɓe ake yi, sannan babba ya fito ya yi gyaran da bakinsa, girmansa na nan, gaskiya kuma ta koma wurinta. Na tafi Balan ranar Laraba da niyyar yin haka. Na same shi a zaure yana ɗaure ƙotar garma. Ya yi murna da ganina, ya sa aka kawo fura, ya tsokane ni cewa ritaya ta sa na yi tumbi. Muka yi maganar taki, muka yi maganar hadarin da ke taruwa yana watsewa. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na tambaye shi lafiyar awaki. Na koma ranar Alhamis, aka sake yin haka. Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya, ya daɗe yana kallona.

"Idi, akwai magana ne?"

"Babu, Yaya. Sai Asabar ɗin."

"Allah ya kai mu," ya ce.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya hana ni. Tsoro na ciki, don in na ce masa kada ya rantse, dole maganar ta biyo ta kaina, mu biyu mun san wanda ya fara. Amma akwai wani abu da ya fi tsoron muni, kuma sai da na tsufa na yarda da shi. Fim ɗin nan ya shiga kaina. Na riga na ga kaina a tsaye a tsakiyar taro, kowa ya yi tsit, ina faɗin gaskiya mai ɗaci. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa labari mai kyau yana tara nauyinsa ya sauke a wuri ɗaya, ba a fasa ƙwai tun a tsakiya. Magana a zaure daga ni sai shi ba ta da mai kallo. Na yi kewar aji, na yi kewar a saurare ni, sai na ɗauki ɗan'uwana na jini na mai da shi darasi. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka abin yake.

Ranar Asabar da hantsi muka hallara a gindin aduwa. Ga dagaci, ga liman da Alƙur'ani a cikin gafaka, ga dattawa daga ɓangarenmu da na Toranke, ga masu zuwa kallo da suka jingine babura a bakin gona. Hamidu dogon mutum ne mai sanyin magana. Ya ce shi ba shi da shaida, abin da ya sani kawai shi ne yana yaro inuwar aduwar nan da safe ba ta kai iyakarsu ba, yanzu kuwa har ta wuce. Wasu suka yi dariya, wani ya ce itace ai girma yake yi. Aka taka iyakar daga aduwa zuwa kwari aka dawo, gamba na nan a jere ba inda ta karkace. Dagaci ya ce tun da haka ne sai rantsuwa, ya sa aka ajiye buta a gaban Yaya. Yaya ya dubi butar, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya zai yi magana. Ban bari ya yi ba. Na shiga tsakiyar fili, kuma Allah ya sani har hulata na taɓa kafin na tuna a inda nake.

"Ranka ya daɗe, kada a ba shi Alƙur'ani," na ce. "An matsar da gambar nan. A ba ni dagi."

Na auna taku daga gindin aduwa kamar yadda mahaifinmu ya nuna mana, na shigo cikin gonar Yaya kunyoyi huɗu, na ce a tona nan. Ƙasar bazara ce, ta yi tauri, aka daɗe ana sara. Can sai bakin dagi ya fito da baƙi, aka sa hannu aka kwaso gawayi da tsingaro, gawayin kamar jiya aka zuba shi. Aka tona wuri na biyu, haka. Liman ya yi salati a hankali ya mai da gafakarsa kafaɗa. Na ɗaga kai na ga duk idanu sun koma kan Yaya, mutumin da ya shekara arba'in yana noma wurin. Ba wanda ya dube ni da zargi, don me za a zargi wanda ya tona? A nan ne ya kamata in ce ni na kawo shawarar, ni na fara cirewa. Maganar tana bakina. Sai na ji wani dattijo a bayana yana cewa ka ga masu ilimi, ko ɗan'uwansu ba sa rufa wa, na haɗiye ta.

Dagaci ya tambayi Yaya ko yana da abin cewa. Ya daɗe yana kallona, ba fushi a fuskarsa, irin kallon da yake mini muna yara idan na fasa ƙwarya na ce akuya ce.

"Idi, ka gama?"

"Na gama, Yaya."

"To madalla." Ya juya wajen Hamidu. "Ɗan Jauro, ƙasarka ce. Ka yafe mini abin da na ci a ciki."

Ya sunkuya ya ɗauki butar da aka ajiye masa, ya miƙa wa mai ita, ya kama hanyar gida shi kaɗai. Lawan ya bi shi da babur yana roƙonsa ya hau, bai hau ba.

Na dawo Gaya ana yi mini sannu da ƙoƙari. Har a masallaci wani ya kawo ni misali. Na karɓi yabon, ban mayar ba. A Balan kuwa sunan Yaya ya koma mai cin iyaka. An daina kiransa sulhu, shi da a da ba a raba gado a unguwarsu sai yana wurin. Ya bar sahun gaba ya koma na baya. Bai taɓa yanke zumunci da ni ba, kada wani ya gaya muku haka. Ya zo sunan 'ya'yanku, ya zo duba ni da na kwanta asibiti, buhun gero bai fasa zuwa ba duk kaka. Abu ɗaya ne ya canja. Tun daga ranar bai sake kirana Idi ba, sai Malam, kamar yadda kowa ke kirana. Shekara shida yana ce mini Malam, kowane kira sai na ji shi har cikin ƙashina. Sau da yawa na hau mota zuwa Balan da niyyar in durƙusa a zauren nan, in je mu yi maganar taki in dawo. Ina ta cewa sai wani zuwan, har aka aiko cewa ya rasu bayan sallar azahar, yana zaune a kan buzunsa.

Bayan sadakar bakwai na shiga cikin gida in yi wa matarsa sallama, Gwaggonku Ladi. Tana zaune a ƙofar ɗaki cikin takaba, tana jan carbi. Na yi mata gaisuwa zan tashi, ta ce in zauna.

"Malam, akwai abin da ya hana ni faɗa yana raye. Yanzu kuwa ba zan iya riƙe shi ba. Ranar nan ta gona, ba rantsuwa ya tafi yi ba. Tun da asuba ya gaya mini idan aka kawo buta zai ce ya bar wa ɗan Jauro kunyoyin nan saboda Allah da maƙwabtaka, ba sai an tona komai ba. Kwana biyu kana zuwa, yana jira ka yi maganar ku shirya tare, ba ka yi ba."

Ta ci gaba da jan carbinta, sannan ta ƙara.

"Kuma na san wanda ya ce a matsar. Tun ina amarya na sani. Da ya dawo ranar na ce masa don me bai faɗa ba, ya ce ke Ladi, shi malami ne, yaran mutane na ganin girmansa, ga 'ya'yansa suna tasowa. Ni manomi ne, in an zage ni gero ba zai ƙi tsirowa ba. Ya ce in na faɗa wa ko da Lawan ne bai yafe ba."

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na tuna dai na wuce tasha ban tsaya ba, na yi tafiya mai nisa a ƙafa da wannan gwiwar kafin wani mai babur da ya san ni ya tsaya ya ɗauke ni. Gyaran muryar nan da ya yi a gaban buta, ita nake ji har yau. Da na yi haƙuri na minti ɗaya, da Hamidu ya sami ƙasarsa, Yaya ya koma gida da girmansa har da ƙari, gawayi kuma ya ci gaba da kwanciyarsa. Gaskiyar da na faɗa gaskiya ce, ban taɓa nadamar komawar ƙasar hannun mai ita ba. Amma na faɗe ta a inda bai kamata ba, a lokacin da bai kamata ba, kuma na yanke ta daidai inda za ta taɓa ni.

Kwanaki da na fara wannan rubutu na tambayi Rabi ko tana da takardar nan tata ta makaranta. Ta turo mini a waya. Ashe ba ta bi shawarata ba. Jimlata tana nan a shafin farko, amma sauran shafukan duk a kan wan ta yi su. Ta rubuta cewa fim ɗin yana bin ɗan dokan da kyamara ne don mai kallo ya ɗauka shi ne tauraro, alhali nauyin labarin yana wuyan wanda ya tashi ya fita bai ce komai ba, kuma ba a gaya mana abin da ya haɗiye ba don a ga ko za mu damu mu tambaya. Yarinya 'yar shekara ashirin ta ga wannan a rumfar gidana, ni ina gefenta ina ce mata kwalliya ce.

Na je wajen Lawan makon jiya, daga ni sai shi, a zauren ubansa. Na gaya masa komai. Bai yi mini rashin kunya ba, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce zai so ƙannensa su ji daga bakina, da dattawan da suka rage cikin waɗanda suka tsaya a gindin aduwa. Na ce ya tara su, zan zo. Ku ma ina so ku zo, da 'ya'yanku, musamman waɗanda aka ba labarin kakansu mai gaskiya. Kuma daga yau duk wanda ya ji an ce Baffa Sale mai cin iyaka, ko a kasuwa ne, ya tsaya ya gyara. Ya ce Sale ya ƙi har kwana uku, ƙaninsa Idi ne ya matsa masa, kuma Idi ne ya tumɓuke gindin gamba na farko da hannunsa.